Laifin Wa Ne In Mai Horarwa Ya Tafi?

Ran nan da maraice, bayan an tashi daga ofis, na ratsa ta wata majalisa a Dutsin-Ma inda samari da magidanta kan taru a gindin bedi, na iske gardama ta yi zafi har mai shayi ya bar tukunyarsa ya shigo ciki. Abin da a ke wa gardamar kuwa shi ne masu horar da 'yan ƙwallon ƙafa. Wani dattijo, wanda na ke ganin girmansa ƙwarai, ya buga sandarsa ƙasa ya ce, "Ku bar wahalad da bakinku. Mai horarwa ƙuda ne, inda ya ga maiƙo nan ya ke sauka. Ka ɗauko shi ba wanda ya san shi, ka yi masa suna, ran da ya hango inda ya fi romo sai ya kakkaɓe rigarsa ya bar ka." Jama'a suka ce, "Gaskiyarka, Baba." Ni dai ban ce uffan ba, don ba a musu da babba a bainar jama'a. Amma da na koma gida maganar ta hana ni sakat, gama na san wani abu da su ba su sani ba, na kuwa san shi ne ta hanyar da ba ta ƙara mini daraja. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga inda na dosa, don kada mai karatu ya wahala wajen nema. Galibin masu horarwa nagari da muka rasa, mu ne muka buɗe musu ƙofa, muka tura su da hannunmu, sa'an nan da suka fita muka tsaya bakin zaure muna kiransu butulu. Wannan hali bai tsaya a manyan ƙungiyoyi ba, ya sauko har makarantun 'ya'yanmu. Ina kuwa jin tsoron kada ya yi gida a manyan makarantun nan biyu da ke ƙasar Dutsin-Ma, watau Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2011.

Watakila cikin masu karatu akwai wanda bai damu da tamaula ba, yana ganin wasan yara ce. To, a yi mini haƙuri in bayyana ko wane ne mai horarwa, wanda yaran zamani ke kira koci. Kalmar horo ai a bakin masu doki muka saba jinta, mu Katsinawa kuwa ba a koya mana sha'anin doki. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo sunan Katsina ya kai ko'ina wajen ƙwallon dawaki. Kowa ya sani ba a horar da doki a kwana bakwai. Sai mai riƙe da shi ya san yadda ya ke jin linzami, da abin da ke firgita shi, da ranar lallashi, da ranar nuna bulala. In aka ce wannan wata wane ne zai hau shi, wata mai zuwa kuma wane, ko dokin ya kai ina wajen asali sai ya lalace ya koma mai tutsu. To, yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya fi doki wuyar sha'ani, balle a ce su goma sha ɗaya ne a fili guda, kowa da zuciyarsa, a ke so su motsa kamar yatsun hannu ɗaya. Mai wannan aiki shi ne mai horarwa, aikinsa kuwa na shekaru ne.

Bari mu fara daga gida. Ina yaro sa'ad da Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997. Muka kasa kunne a jikin rediyo sau uku, sau uku kuma muka kwanta da baƙin ciki, don Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke na farko, Julius Berger ta Ikko ta ɗauke na biyu, Eagle Cement ta Fatakwal ta ɗauke na uku. Duk da haka ƙungiyar da ta kai ƙofar kofi shekara uku a jere ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Amma me ya biyo baya? Ta faɗo daga babbar gasa, ta yi shekaru masu yawa cikin 'yan dagaji, har sunanta ma aka sauya ta koma Spotlights. Sai a 2016 aka mayar mata da sunanta, ta kuma sami hawa, ta shiga babbar gasar ƙasa a 2017.

Cikin wannan shekara ta 2017 ƙungiyar ta tsira ba ta koma inda ta fito ba, aka kuma ɗauko Abdullahi Biffo ya karɓe ta. A 2018 ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a kofin ƙasa, inda maƙwabtanmu Kano Pillars suka fid da mu. (Su ma dai ba su ji daɗin abin ba, don a wasan ƙarshe a Asaba sun ci uku ba ko ɗaya, Rangers ta Inugu ta farke duka ta ɗauke kofin a bugun fenariti. Wannan kuwa ba mu daina tuna wa Kanawa ba.) A 2019 Biffo ya bar Katsina. Ya koma Kwara United ta Ilori, a 2021 ya kai ta matsayi na huɗu a ƙasa duka. Mu kuwa masu horarwa suka yi ta shiga suna fita kamar baƙin kasuwa, har a 2022 muka sake faɗawa cikin 'yan dagaji, sai a 2023 muka farfaɗo. Ba shari'a na zo yi tsakanin mutumin da shugabannin ƙungiya ba. Lissafi na zo yi, irin na akawu. Shekara biyu bayan rabuwar yana na huɗu, shekara uku bayanta muna ƙasa.

Kada Kanawa su yi mana dariya, nasu littafin ya fi namu kauri. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma a duba abin da ya sami waɗanda suka ciwo mata. Kadiri Ikhana, wanda ya kawo kofin farko, ya ajiye aiki a shekarar da ya ci. Muhammadu Baba Ganaru ya ci biyu a jere, abin da ba kowa ke yi ba, sai ga shi a 2014 yana horar da Nasarawa United. Okey Emordi ya ci na huɗu, bai kai ƙarshen 2015 a kan kujerar ba, aka koma aka sake kiran Ganaru ɗin da aka bari ya tafi. Mutum uku, kofi huɗu, ba ɗayansu da ya daɗe bayan nasara. Akwai ma ɗan Kano, Usman Abdallah, wanda ya ci gasar ƙasa a 2019, amma Enyimba ta Aba ya ciwo wa, su ma kuma suka sallame shi a farkon 2020. Ciwon dai ya game ƙasa.

Na san abin da mai gardama zai ce. Zai ce, "To, ai ka kā da kanka. Ganaru ya tafi, Pillars ta sake cin kofi a bayansa. Ashe ke nan ƙungiya ce ke ci, mai horarwa ɗan rakiya ne." Wannan magana da ka ji ta kamar gaskiya, amma duk manomi ya san amsarta. In mutum ya yi shekara biyu yana kai taki gona, sa'an nan ya bar ta, wanda ya karɓa zai cika rumbu a damina ta farko ko bai kai ko mangala ɗaya ba. Ba na rage wa Emordi daraja, gwani ne tun kafin ya zo Kano. Amma a dubi damunan da suka biyo baya. Tun daga 2014 har yau Pillars ba ta sake cin gasar ƙasa ba, kofin ƙalubale na 2019 kaɗai ta ƙara, a 2022 kuwa tare muka faɗi da ita. Dalilan faɗuwar suna da yawa, ban ce wannan kaɗai ne ba. Amma gonar da a ke sauya wa manomi kowace shekara, ba wanda zai dasa mata itace.

Ko a sama can haka abin ya ke. Marigayi Stephen Keshi ya ciwo wa Nijeriya Kofin Afirka a watan Fabrairu na 2013 a Afirka ta Kudu, bayan shekara 19 muna jira. Kashegari ya ce ya ajiye aiki, sai da aka lallashe shi ya janye. Cikin wannan shekarar da ya ci kofin aka yi watanni ba a biya shi albashi ba, a 2015 aka kore shi. Alhali kuwa kofin da ya riga wannan, na 1994, wanda ya kawo shi, Clemens Westerhof, an bar shi ne a kan aiki tun daga 1989. Ya zo na biyu a 1990, ya zo na uku a 1992, aka yi haƙuri da shi, a karo na uku ya ɗauko. Samarinmu da ke cika gidajen kallo suna ihun Manchester United, su tambaya su ji: Alex Ferguson ya kama aiki a 1986, bai ɗauki kofin kome ba sai 1990. Da a nan ne, da an sallame shi sau uku kafin nan.

Yanzu kuma in zo ga abin da na gani da idona, wanda shi ne ya hana ni barci. Ni akawu ne, irin aikin da tsofaffi har yau ke kira aikin En'e, abincina takarda, abin shana tawada. Shekarun baya, ina aiki a wani ofishi da ba zan ambata ba, akwai wata makarantar sakandare a wannan yanki namu da Allah ya haɗa ta da wani malamin wasanni. Ya iske fili duk ƙaya da tsidau, sandunan raga gara ta cinye. Shi da yara suka share, ya riƙa tashinsu da asuba suna gudu kafin a shiga aji, ya kuma kafa doka cewa duk wanda ya faɗi jarrabawa ba shi ba riga. Iyayen da suka fara ƙorafi su ne daga baya suka riƙa kai masa gaisuwa, don sun ga yaran da dā ke yawon tasha sun natsu. A shekara ta uku makarantar nan, wadda dā a ke zuba mata ƙwallaye kamar ruwan sama, ta ɗauko kofin shiyya. Aka yi taro, aka kafa rumfuna, manya suka zo suka ɗaga kofin aka ɗauke su hoto, shi kuwa malamin yana can gefe yana tattara ƙwallaye cikin buhu.

Bayan biki shugaban makarantar ya rubuto wa ofishinmu neman taimako. Abin da ya roƙa ba shi da yawa: kuɗin motar kai yara wasa, da riguna, da ɗan alawus na wata wata ga malamin, wanda ashe daga albashinsa ya ke sayen ƙwallo da maganin targaɗe. Ya ƙara da cewa wata makarantar kuɗi a birni ta fara zawarcin malamin. Takardar nan a hannuna ta sauka. Na buɗe mata fayil, na kai sama, aka rubuta a duba. Ta sauko, ta koma, aka rubuta a kawo ƙarin bayani. Da bayanin ya zo aka ce a dakata sai sabon kasafi. Ni kuwa na sa ta cikin kabad a ƙarƙashin fayilolin rikicin gonaki, na manta. Sau uku malamin nan ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, ya zauna bisa benci ya jira har azahar, ya ce mini, "Malam, ina aka kwana a kan maganarmu?" Sau uku na ce masa, "Malam, ana nan ana dubawa." Na san ba a dubawa. Bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya, wannan ne ma ya fi ci mini rai yanzu.

Ana cikin haka wani mai faɗa a ji ya aika da 'yar takarda a sa ɗansa cikin 'yan wasa. Malamin ya ce yaron ya zo ya yi gudun asuba kamar kowa. Yaro bai zo ba, ba a kuwa sa shi ba. Ba a yi wata uku ba sai ga takardar canji, an mai da malamin wata makaranta mai nisa wadda ko fili ba ta da shi. Sai ya rubuta takardar ajiye aiki, ya amsa kiran makarantar birni. Da labari ya bazu, wallahi da kunnena na ji mutanen da suka sha lemo a bikin kofin suna cewa, "Ai dā ma mun sani, kuɗi ya bi." Ina zaune na yi shiru, fayil ɗinsa kuwa yana cikin kabad ɗina.

Za a ce mini duk wannan talauci ne ya jawo, da muna da kuɗi irin na Turawa da ba wanda zai tafi. To, bari mu leƙa inda kuɗin ya ke mu gani. A Amurka jami'o'i ke da manyan ƙungiyoyin ƙwallo, amma irin tasu ƙwallon dabam ce: mai siffar ƙwai ce, da hannu a ke ɗaukarta a ruga, 'yan wasa sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. Filin Jami'ar Jihar Luwiziyana kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 100,000, kuma a jihohi da yawa na ƙasar ba ma'aikacin gwamnati da ya kai mai horar da ƙwallon jami'a albashi, har da gwamna. Maƙwabciyar Luwiziyana ita ce Misisifi, jami'arta kuwa ta daɗe tana bayan manya. A ƙarshen 2019 ta ɗauki wani mai suna Lane Kiffin. Ya yi shekara shida yana gini, har a 2025 suka buga wasa 12 suka ci 11, suka sami shiga gasar fid da zakaran ƙasa karo na farko. Sai Luwiziyana ta taya shi dala miliyan 91 a shekara bakwai. Jaridun ƙasar suka ce mutanen Misisifi sun yarda su biya kusan haka don ya zauna. Duk da haka ran 30 ga Nuwamba ya ce ya tafi, ana saura 'yan makonni a fara gasar da ya sha wahalar kai su. Ya nemi a bar shi ya ƙarasa da yaran, makarantar ta ce a'a, wanda ya sa ƙafa ɗaya a waje ya fid da ta biyu. Mutanen gari suka bi shi har filin jirgin sama suna yi masa ihu.

A nan dole in ba Baba mai sanda gaskiyarsa. Akwai mutumin da ko ka ba shi duniya zai tafi, don ya hango rumfar da ta fi taka inuwa, kuma ba igiyar da za ta ɗaure shi. Amma mutanen Misisifi suna da bakin yin kuka, don sun biya, sun girmama, sun sake tayawa. Mu fa? Wanda ya bar ma'aikacinsa wata da watanni ba albashi, ya zaɓa masa 'yan wasa da 'yar takarda, ya ɗaga kofinsa ya bar shi da buhun ƙwallaye, da wane baki zai ce an ci amanarsa? Sai ka sauke naka nauyin tukuna ka ke da ikon kiran wani butulu.

Ba na kuwa so a ɗauka ina kiran mu kwaikwayi Amurka wajen zuba kuɗi. Haukan nan nasu Allah ya raba mu da shi. Luwiziyana ɗin nan da ta ɗauke Kiffin, wata guda kafin nan ta kori wanda ke kan kujerar, Brian Kelly, alhali yarjejeniyarsu ta wajabta mata biyansa wajen dala miliyan 54 yana zaune a gida. Makarantar da ke wannan ta manta dalilin kafa ta. Abin da ya kamata mu ɗauko daga labarin abu biyu ne, ba kuwa mai tsada a cikinsu. Na farko, kome nasu a rubuce ya ke, wanda ya karya alkawari ya san abin da zai biya, ko makaranta ce ko mai horarwa. Na biyu, ran da Kiffin ya tafi, a ranar Misisifi ta ɗora mataimakinsa Pete Golding, wanda ya san yaran suka san shi, ya kuwa ci wasa biyu a gasar, sai a wasan kusa da na ƙarshe aka fid da su. Makarantar malaminmu kuwa, da ya tafi ba a sami ko wanda ya san inda famfon hura ƙwallo ya ke ba. Ga kuma Nick Saban, wanda Jami'ar Alabama ta riƙe daga 2007 har ya yi murabus a farkon 2024, ya ciwo mata kofin ƙasa shida. An biya shi da yawa, gaskiya ne, amma kowa ya shaida an sakar masa ragama, ba mai aiko masa da sunan ɗan wane.

Maganar rashin kuɗi kuwa, mu mutanen Zobe a bar gaya mana ita. A gabanmu aka gama madatsar nan a kan kogin Karaɗuwa a 1983, aikin da ya ci dukiya mai yawa. Ruwa ya taru maƙil, muna kallonsa, mata da yara na bin rijiyoyi da 'yan garuwa, sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin tura ruwan zuwa garuruwa. Shekara 38 ke nan tsakani. Kuɗin gina bango ya samu, na shimfiɗa bututu da kula da injuna ne ya yi wuya. Haka filin wasa na Katsina, wanda aka gama zamanin Gwamna Ibrahim Shema, ɗan garin nan, aka kuma raɗa masa sunan Muhammadu Dikko daga baya: gini ne na alfahari, mai ɗaukar wajen mutum 35,000, ba na kushe shi. Amma siminti ba ya koya wa yaro tare ƙwallo. Halinmu ne mu so abin da za a yanka masa ƙyalle a buga tambari, mu ƙi abin da a ke biya shiru kowane ƙarshen wata. Albashin mai horarwa ba shi da bikin buɗewa, ba kuma allon da za a rubuta sunan wani a jikinsa, shi ya sa fayil ɗinsa ke kwana a kabad.

Abin haushi, kakanninmu sun san hanyar. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, malamai sun koya wa ɗalibai wani wasa da Turawa ke kira Fives, watau buga 'yar ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Sardauna Ahmadu Bello yana cikin gwanayensa sa'ad da ya ke ɗalibi a can. An ɗauke kwalejin daga Katsina a 1938, Turawan sun koma ƙasarsu tun tuni, amma har yau ana buga wasan a Katsina da Sakkwato da waɗansu garuruwan Arewa. Me ya raya shi? Malaman sun zauna tare da ɗalibansu shekara da shekaru, ɗaliban suka fita suka zama malamai, kowa ya gina bango a inda aka kai shi, ya koya wa na bayansa. Wasan baƙi ne, bangon laka ya ishe shi, ga shi ya haura shekara ɗari. Tamaula kuwa, wadda ke cikin jinin kowane yaro, mun kasa yi mata irin wannan silsila.

Saboda haka ina kira ga shugabannin kwalejinmu da jami'armu, tun da su ma suna da 'yan wasa, akwai kuma wasannin jami'o'in ƙasa da aka fara tun 1966 da na kwalejojin ilmi, waɗanda kowace makaranta ke so a ji sunanta a cikinsu. Ran da Allah ya ba ku mai horarwa nagari, kada ku jira sai wani ya taya sa'an nan ku farga. Ku zauna da shi tun yana sabo ku rubuta yarjejeniya ta shekara uku ko fiye, a faɗi abin da ke kansa da abin da ke kanku, da abin da wanda ya saɓa zai biya, kowa ya sa hannu ya riƙe tasa. Haƙƙinsa ya fita ranar da na sauran malamai ke fita. Kome girman mai aiko da 'yar takarda, shugaban makaranta ya tare ta a ofishinsa, kada ta isa fili. A kuma sa masa mataimaki matashi, daga cikin ɗaliban da ke koyon aikin malanta in da hali, wanda zai riƙa bin sa yana ɗaukar hannu, don in ƙaddara ta raba ku kada a koma share ƙaya daga farko. Masu rubuta takardun canji a ma'aikatar ilmi kuwa, kafin ku cire malamin wasanni daga inda ya yi shekaru yana gini, ku tambaya ko inda za ku kai shi akwai fili. Iyayen yara da suka yi yaƙi da jahilci suka iya karatu da rubutu, ku ma kuna da hannu a ciki. Takardar koke mai sa hannun iyaye hamsin takan ta da fayil daga barci, wannan na sani don na ga yadda manyanmu ke gyara zama in irinta ta shigo.

'Yan'uwana akawuna kuma ba sai na yi musu dogon bayani ba, sun gane kabad ɗin da na ke nufi. Bara da muke kwashe tsofaffin takardu na ci karo da fayil ɗin nan, gara ta ci gefensa, amma rubutun shugaban makarantar yana nan ana karantawa, har da layin da ya ja a ƙarƙashin maganar makarantar birni. A bayansa, cikin fayil ɗin dai, akwai takardar biyan kuɗin rumfuna da kujeru da lemo na bikin kofin, wadda ta fita cikin kwana huɗu, da sa hannuna a jikinta. Na ɗauki alƙalami na haɗa alawus ɗin da aka roƙa wa malamin na shekara guda cur, na ajiye shi kusa da kuɗin bikin. Na bikin ya fi.